Ƙarfen da Malam Garba Ya Ba Ni Amana

A bakin kogi, kafin mu shiga Malanbil, wani ma'aikacin iyaka mai baƙin tabarau ya zazzage jakata a ƙasa ya sa takalmi yana tona kayan. Ya ɗauke magagarina biyu na fiƙe ƙarfe, ya ɗauke sukudireba mai jan hannu da na fi shekara goma ina aiki da ita, ya haɗa da ƙullin kilishin da matata ta sa mini. Ni da aka sani a Kalgo da saurin baki, wanda ko tela ya kawo keke da datti sai na wanke shi tas kafin in taɓa keken, ranar gefe na koma ina kallo. Na bar shi ya yi son ransa, domin abin da ya fito da ni daga gida yana ɗinke a cikin ƙugun wandona, kuma hannunsa bai kai can ba.

Ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba. Malam Garba ne ya ƙera shi, mutumin da ya koya mini gyaran keken ɗinki a shagonsa na Gwandu tun ban san dama da hagun noti ba. Ƙafa ce, irin wadda ke danne yadi a ƙarƙashin allura, sai dai tasa tana da ɗan hannu da ke rataya a notin allura. Duk hawa da saukar allura sai hannun ya juya wani ɗan faifai mai haƙora, faifan kuma ya riƙa kaɗa wani siririn bututu dama da hagu, kaurin zare yana fitowa ta cikinsa. Da ita, tsohon baƙin keken takawa na kowane telan ƙauye zai yi cin wuyan riga kamar na babban keken aiki da sai masu hali ke saye. Bututun daga eriyar rediyo ya yanko shi, sifirin daga mataccen agogo, faifan kuma tsohon kwabo ne mai huji da ya zauna ya fiƙe wa haƙora. Shekara goma sha ɗaya yana yi yana zubarwa. Da ta yi daidai, sai idanunsa suka tafi.

Ya damƙa mini ita a zaurensa, ya ce, "Umaru, abin ga ɗaya na tak, ba shi da ƙane. Ka kai shi Kumasi inda anka ce suna da injin yanka ƙarhe, su yi muna da yawa. Ba ni son komi, a dai buga sunana bisa, teloli su san ɗan Gwandu yay yi shi." Sannan ya kama yatsana ya bi da shi kan faifan. "Haƙora tara na, guda gajere. Kowa ag gani cewa za shi yi kuskure na. Kak ka hwaɗa ma kowa dalili sai ka ga suna bisa ƙarhe."

Na san dalilin. A kowane ɗinki na tara, gajeren haƙorin yana barin bututun ya ɗan huta, zaren ya saki murɗewar da ya tara. In babu shi, kafin a yi taƙi ɗaya zare zai tsinke.

A Faraku motarmu ta mutu, direba ya ce zai je neman makanike, muka kwana uku ba mu ga ƙeyarsa ba. Rana ta biyu yunwa ta kora ni cikin gari. Ina wucewa wata rumfa na ji keke yana tsallake ɗinki. Ni kuwa ko cikin barci na ji wannan ƙarar sai raina ya ɓaci. Wata dattijuwa ce a kai, ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata. Na nuna keken, na nuna ƙirjina, ta matsa. Ƙoshiyar da ke ɗauke da zaren ƙasa ce ke makara, ba ta iske allura kan lokaci. Ba ni da ko sukudireba, da bakin wuƙar girkinta na sassauta noti na mayar da ita wurinta. Da ta taka ta ji keken ya koma waƙa, sai ta tafa hannu ta yi dariya har da hawaye. Ta ciyar da ni sakwara har muka bar garin, kuma ranar tafiya ta tura mini wata tsohuwar sukudireba cikin aljihu ta dafe aljihun don kada in fitar. Har yau ban san sunanta ba, kuma a duk tafiyar nan ita ce mutum ta farko da ta dube ni kamar ɗan'adam.

Lome ba ni da abin faɗa a kanta sai mari. Wani ɗan kamasho ya rantse motarsa har Kumasi za ta, ta sauke mu a bakin iyaka ta juya. Da na kama rigar yaron motar ina tambaya, abokansa uku suka taso, ɗaya ya ɗauke ni da marin da sai da kunnena na hagu ya yi kwana biyu yana kuka. Abin da ya fi damuna kunnen ne, don da shi nake cin abinci.

Na shiga Kumasi da hantsi, ana ruwa, ƙafafuna sun kumbura. A zango, unguwar Hausawa, na tambayi inda mutanen Kabi ke sauka, aka nuna mini gidan Alhaji Mamuda, mai babban shagon allurai da bel da man keke. Na yi sallama, wani farin dattijo mai jar dara ya fito, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Lale, lale! Ɗan gida na wanga. Mutanen Gwandu, kun taho lahiya? Ina ka baro su?"

Kwana goma sha biyu ban ji harshen gidanmu ba, sai ga shi a bakin mutum a tsakiyar ƙasar Asante. Ya ce kakansa daga Jega ya zo fataucin goro. Ya sa aka dama mini fura, aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure. Ina ci ina share ido da hannun riga, ina jin kunyar kada a gani.

A nan ne na yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi. Mu mun tashi mun ji cewa baƙo in ya sauka, abin da ya zo da shi mai daraja yakan miƙa wa mai masauki ajiya. Mai masauki shi ne bakinsa, shi ne ƙafarsa a kasuwa, baƙo ba ya tsallake shi ya je ya yi ciniki da kansa. Kuma ba a kiran shaida, ba a neman takarda, domin yin haka daidai yake da ce wa mutum ɓarawo a cikin gidansa. Kakana haka ya yi fatauci har ya mutu, bai taɓa rasa ko allura ba.

Washegari na farke ƙugun wando a shagonsa. Na ɗaura ƙafar a wani tsohon keke, na zura zare ruwan gwal, na taka. Teloli suka bar abin da ya kawo su suka kewaye ni. Sai da na gama Alhaji ya karɓa ya juya ta a tafin hannu, ya ce, "Tubarkalla. Wanga ba abin yawo cikin wando ba na, ɗana. Kawo in sa ma shi cikin akwatin ƙarhe, ni zan kai shi ga masu injin." Na ba shi da hannu biyu. Har godiya na yi masa.

Wata biyu ina gyaran kekuna a bayan shagonsa, ladana tuwo da tabarma. In na tambaya sai ya ce gobe, ko ya ce mai injin ya tafi jana'iza, su kuwa jana'izarsu ba ta ƙarewa. Ban zarge shi ba ko sau ɗaya. Duk Juma'a Hajo, 'yar Malam, takan kira ni ta kara masa waya a kunne, ya ce, "Umaru, sun buga?" In ce, "Ana kan aiki, Baba." A lokacin gaskiya nake faɗa, iyakar sanina.

Ran nan Alhaji ya shigo bayan la'asar fuska a murtuke, ya watsa ƙafafu biyar sababbi fil a kan teburina. Na ɗaura ɗaya, kafin taƙi guda zare ya tsinke. Ta biyu ma haka. Na duba faifan, haƙora tara duk kansu ɗaya, mai injin ya ga gajeren ya ɗauka kuskure ne ya gyara. Alhaji ya ɗaga murya yadda duk shagon zai ji, kuma wannan karon da Hausar zango ya yi maganar.

"Mai injin ya ce ƙirar ce ba ta da kyau. Ya ce tsohonku makaho ne, ya yi ta lalube har abu ya yi aiki sau ɗaya bisa sa'a. Wa zai buga sunan mutum a kan abin da ke cin zare? Wasan yara ka kawo mini daga ƙauye."

Ma'aikatansa suka yi dariya. Ni kuma zuciyar nan tawa, wadda Malam ya yi shekara ashirin yana ce mini in riƙe ta, ta taso mini har wuya. Na miƙe na ce mai injin ne jaki, shi da wanda ya aike shi. Na fizgi magagari na rage haƙori ɗaya a gabansu, ina yi ina bayani da ƙarfi, ga inda zare ke murɗewa, ga inda yake hutawa, ga iyakar abin da za a rage. Na ɗaura na taka, na zagaye wuyan riga guda zare bai ko yi gezau ba. Na ɗago ina huci ina jiran ya ji kunya. Sai na ga yana murmushi, yana gyaɗa kai a hankali, kuma a bayansa wani yana riƙe da waya yana ɗaukar hoton hannuna.

Kwana shida bayan haka na dawo daga masallaci na iske jakata a waje, ruwa yana dukanta. Na shiga shago na ce Alhaji ya ba ni ajiyata. Ya dubi mutanen da ke wurin, ya dube ni, ya ce, "Wace ajiya?"

Na kai ƙara wurin dattawan unguwa. Suka zaunar da ni a ƙasa, shi a kan kujera. Suka tambaye ni shaida, na ce teloli sun gani. Aka kira biyu, suka ce sun ga ana gwada wani ƙarfe a shagon Alhaji, ba su san na wane ne ba. Suka tambaye ni takarda. Na ce, "Ranku ya daɗe, yaushe aka fara rubuta takarda tsakanin baƙo da mai masaukinsa?" Wani mai farin gemu ya ce, "Tun da baƙi suka fara cin tuwon mutane suna yi musu sharri." Alhaji ya ce shi ya yafe mini, a bar ni in tafi. Aka yi ta sa masa albarka.

Ban tafi ba, na koma shagon na riƙe ƙofar ƙarfe na ce ba na saki sai an ba ni abin Malam. Ma'aikatansa ba su tsaya jayayya ba, ɗaya ya riƙe ni, ɗaya ya tura ƙofar a kan hannuna. Babban yatsana na dama ya karye gida biyu. Ya warke, amma a sandare, ba ya lanƙwasa. Ko da can hannuna bai kai na Malam ba wajen fiƙe ƙaramin abu, yanzu kuwa ko haƙori ɗaya ba na iya fitarwa daidai. Da yatsan nan aka rufe maganar in sake ƙera wata.

Wanda ya tsince ni shi ne mai injin da na kira jaki. Kwaku sunansa, Ba'asante ne, yana jin Hausa tsinto-tsinto. Ya iske ni zaune a bakin kwata da hannu a naɗe, ya tsuguna ya ce, "Alhaji ya ce shi ya yi. Ni ban sani ba. Ni na gani, na ce mai wannan, kansa babba." Ya gaya mini an riga an aika ƙafar Malam da hoton hannuna zuwa wata masana'anta a ƙasar Sin. Ya kai ni wurin mai ɗori, ya bar ni ina kwana a bayan injinsa, da na samu sauƙi ya aro mini keken hannu na ƙanwarsa. Na koma ɗora keke a ka ina bin lunguna ina kaɗa almakashi, ina ɗinke yagaggen wando da jakar makaranta. Ni Umaru, da teloli ke zuwa tun daga Kambaza da Ceberu su yi layi a ƙofar shagona.

Shekara guda da wata huɗu na yi a haka. Ƙasar ba ta bushewa, rigarka kullum da danshi, sama kullum a rufe. Na yi kewar ranar gidanmu mai ƙona ƙeya, na yi kewar raken fadamar Gwandu, na yi kewar a zage ni da harshen da na sani. Hanyar gida a buɗe take, kunya ce ta hana ni binta. Juma'a kuma ba ta fasa zuwa. "Umaru, sun buga?" "Saura kaɗan, Baba, injin ne ya lalace." Wata Juma'ar in ce ƙarfe ake jira daga waje. Na ƙware har ba na tsayawa tunani, ƙaryar tana fitowa da kanta, sumul. In na kashe waya sai in ji na tsani kaina, in ɗauki keke in ci gaba da tafiya.

Wata rana wani tela a zango ya kira ni in ɗaura masa sabon abu da ya saya. Ya miƙo 'yar leda mai kwali. Ga hoton Alhaji da jar dararsa, ga sunansa da manyan baƙaƙe, ga ƙafar Malam a ciki tana walƙiya. Na ƙirga haƙoran da farce, na tara gajere ne. Na so a ce ba ta aiki. Na ɗaura, telan ya taka, ta tafi lafiya lau, har ta fi ta asalin laushi. Ya ce, "Kai, Alhaji Mamuda akwai ƙwaƙwalwa!" Na ce masa ƙwarai kuwa. A satin na mayar wa Kwaku keken ƙanwarsa, na hau bayan motar albasa da za ta koma arewa ba kaya.

Na sauka Kalgo da safe. Ban ko buɗe shagona ba maƙwabcina Bala tela ya jawo ni. "Zo ka ga abin waje, kai da kat tahi yawon duniya ka dawo hannu sake." Tana ɗaure a kekensa. Ya ce tun kafin azumi ake sayar da ita a kasuwa, kowane tela ya saya. Ta riga ni isowa gida da wata uku.

Na yi wanka, na hau kabukabu zuwa Gwandu. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa masa, daga akwatin ƙarfe har ƙofar da ta cinye yatsana. Na iske shi a zaure kan buzunsa, ya rame, idanun sun yi fari fat. Da ya ji sallamata ya ce, "Umaru na?" Na durƙusa na kama hannunsa. Ya shafa fuskata, ya shafo hannuna, ya tsaya a kan yatsan, ya daɗe a wurin, bai tambaya ba. Sai ya laluba ƙarƙashin buzu ya fito da ledar nan mai kwali.

"Wani tela yak kawo min. Na taɓa, tawa ta, har gajeren haƙorin. Ashe ka yi aiki, Umaru." Ya miƙo mini. "Idona ba su gani. Karanta min abin da anka rubuta bisa."

Na karɓa. Alhaji yana kallona daga kwalin yana murmushi. Na dubi tsohon nan, ya karkato kunne yana jira. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce a raina, saura masa kwana nawa a duniya, me zai rage ni in ya tafi da farin ciki?

Na ce, "An rubuta Malam Garba Gwandu, Baba."

"Sake hwaɗi."

"Malam Garba Gwandu."

Ya miƙo hannu na mayar masa da ledar, ya ajiye ta a gefe a hankali.

"Hajo ta karanta min shi tun cikin azumi," ya ce. "Mamuda anka rubuta. Na san an cuce ka tun randa muryarka tas sake ga waya. Kullum Juma'a ina tambaya, ina jiran ka ce, Baba, an amshe. Da kac ce haka, da mun yi kukanmu tare mu bar ma Allah." Ya numfasa. "Shi wancan bai san ni ba, ƙarhe yaɗ ɗauka. Kai kau ni na aza ma magagari ga hannu. Ka dubi idon ga, ka ga ba su gani, kai ma ka ce bari in ci rabona."

Na buɗe baki, na ce, "Baba..." Ya ɗaga hannu. Ba tsawa, ba zagi, da ya zage ni ma da na ji sanyi. Ya juya fuska wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya kaɗan.

"Hajo! Kawo ma baƙo ruwa."

Shekara ashirin ina ratsa zauren nan kai tsaye har gindin randa in ɗebi ruwa da kaina. Ranar Hajo ta fito da kofin tangaran da ake ajiye wa baƙi, ta durƙusa ta aje a gabana ba ta dube ni ba. Na ɗauka da hannu biyu, saboda yatsan ba ya riƙe kofi, na sha a nan zaure.